Bindigar Hannu Ɗaya

Litinin, bayan La'asar

Yau muka dawo da Yaya gida daga asibiti. Ni na riƙe shi ta ɓangaren dama har ɗaki, matarsa na biye da mu da ƙullin magunguna. An ninke masa hannun rigar hagu daga gwiwar hannu, an soke da fil. Wanda ya yi ninkin ya yi shi tsaf, kamar mai shirya kayan guga.

Inna tun hantsi take zaune bakin ƙofa. Da ta gan shi ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Sannu da hanya," kamar daga kasuwa ya dawo. Ya ce, "Yauwa." Iyakar maganarsa ke nan yau.

Karensa ya yi ta tsalle yana shinshinar ƙafafunsa. Ko kallonsa bai yi ba.

Na koma maƙera na hura wuta. Ban ƙera komai ba.

Laraba, da yamma

Masu dubiya sun cika gida, kowa da nasa labarin abin da ya faru a daji ranar nan. Wannan ya ce kaza, wancan ya ce ba haka ba ne, shi ya ji daga bakin direban da ya tsinto shi. Wanda abin ya faru a kansa yana kwance ya ba su baya, fuskarsa na kallon bango. Tsohuwar bindigarsa dai ba ta dawo ba, ni kuma ban tambaya ba.

Wani dattijo cikin abokan farautarsa ya tashi tafiya, yana so ya ce mu 'yan'uwa mu haɗa kai, sai ya ce, "Ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Mutumin ya rasa inda zai sa kansa, har takalmin wani ya sa ya fita.

Ni na ga kafaɗar Yaya ta motsa.

Alhamis, da safe

Bai ci ba.

Asabar, da hantsi

Ya sha shayi rabin kofi. Matar Yaya ta fito da kofin tana nuna mini kamar ta ci gasa.

Mutumin nan da nake magana a kansa shi ne ya goya ni ya tsallake kogi da ni ina yaro. Shi ne ke fita tun asuba, ya dawo da zabi rataye a kafaɗa, ya bi gida-gida yana rabo, nasa gidan ne na ƙarshe. Bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba, ko a wurin ɗaurin aure sai ka gan shi tsaye. Yanzu katifa ta yi rami daidai jikinsa.

Talata, bayan Azahar

Ina gidan da safe mafarauta suka wuce ta bayan katanga da karnukansu. Karen Yaya ya kama kuka yana jan igiya. Sai ga Yaya ya tashi da kansa, karo na farko ba wanda ya ɗaga shi, ya je ya rufe taga, ya dawo ya kwanta.

Matarsa ta ga rufe tagar. Ni tashin na gani. Mutumin da ya gama da duniya ba ruwansa da wanda ya wuce ta bayan katanga.

Daga nan maƙera na nufa, na jawo akwatin Baba daga ƙarƙashin tarkacen garemani. Tun rasuwarsa ban buɗe ba. Shi ne mai ƙera bindigar farauta, irin wadda ake ɗurawa ta baki, ni kuwa fartanya da ƙyaure da gatari na tsaya a kai, don su ke kawo abinci. Amma na yi masa zuga shekara da shekaru, idona ya ga komai. Ƙananan magagarai suna nan, sun yi tsatsa. Na jiƙa su a mai.

Zan ƙera wa Yaya bindiga. Ƙarama, mara nauyi, wadda mutum zai ɗaga ya auna ya harba ba tare da ya nemi taimakon kowa ba.

Na rubuta, kuma ba zan goge ba.

Laraba, da yamma

Na je wurin Kafinta abokina na gaya masa. Ya ajiye zarto ya dube ni.

"Ka taɓa ƙera ta?"

"Na ga ana yi."

"Ni ma na ga ana tuƙa jirgin sama."

Duk da haka ya shiga ciki ya fito mini da guntun maɗaci, busasshe, wanda ya ce ya daɗe yana ɓoyonsa don ƙafar gadon aurensa na biyu, amma tunda uwargida ta ji labari gadon ya fasu. Ya ƙwanƙwasa itacen da ɗan yatsa, ya yi ƙara kamar ƙwarya. Ya ce in ɗauka, kar in sake in yi masa zancen biya.

Juma'a, bayan an sauko

Na sassaƙa ta gwaji da itacen banza, na ɗaura mata guntun ƙarfe don nauyi. Na sa Kafinta ya ɗaure mini hannun hagu, ya naɗe shi a gwiwa, in ji yadda abin yake. Da farko dariya yake yi, yana cewa in mutane suka leƙo za su ce ɓarawo ya kama. Na ɗaga, bakin ya rinjaya ƙasa. Na sake ɗagawa, ya rinjaya. Na yi ƙoƙarin ɗura ta, sandar ɗurin ta faɗi, na sunkuya ɗauka, bindigar ta faɗi. Gumi ya shiga mini ido na rasa abin sharewa.

Kafinta ya daina dariya. Ya zo zai kwance ni, na ce ya bari tukuna.

Abin da na gano: dole nauyin ya koma baya kusa da kafaɗa, bututun ya gajarta, a ƙasan ƙotar kuma a yi ɗan kwari inda za ta zauna a kan abin da ya rage masa. Har gwiwar hannu yana da shi. Wannan ya isa.

Lahadi, da hantsi

Na gaya wa matar Yaya. Na same ta tana shanya a tsakar gida, na fara da wasan da muka saba, na ce, "Matarmu, yau ba ko sannu?" Kullum amsarta ita ce ƙanin miji ya fi miji kyau amma ba a wannan gidan ba. Yau ma ta fara murmushi. Da na faɗi abin da ya kawo ni, murmushin ya ɗauke.

Ta ja ni bayan ɗakin girki ta rage murya.

"Auta, ka shiga ɗakin nan kwanan nan ka duba da kyau?"

"Kullum ina shiga."

"Ka ga wuƙarsa ta fiɗa a inda yake rataye ta? Ka ga reza? Ka ga igiyar guga? Maganinsa ma a ɗakin Inna nake ajiyewa, ƙwaya ɗaya-ɗaya nake kawo masa. Kai ba ka kwana da shi. Ba ka jin abin da yake faɗa in ya zaci na yi barci."

Na ce me yake faɗa. Ta girgiza kai.

"Shi ne za ka ɗauko wannan abin ka sa masa a hannu? Da hankalinka?"

Na ce mata ban san wata hanyar da zan tashe shi ba.

Ta ce, "Gara mini shi a kwance." Ta koma ga shanyarta, ta ɗauki rigarsa, ta tsaya tana duban hannayen rigar biyu.

Ba zan rubuta abin da take nufi ba. Na gane, shi ke nan.

Lahadi, bayan Magariba

Na gane. Ban ce ban gane ba.

Litinin, da safe

Na hura wuta.

Alhamis, bayan La'asar

Kwanakin nan daga uwar maƙera sai magagari. Bututun da na samu a akwatin Baba nake gyarawa. Masu fartanya sun zo sun koma, na ce su yi haƙuri. Ɗayansu ya ce damina ba ta san haƙuri ba. Gaskiyarsa.

Kunamar bindigar, wadda ake ja a harba, ita ce ta fi ba ni wuya. Ƙarfe ɗan mitsitsi, amma in ya yi tauri mai harbi zai fizga ya kauce, in ya yi laushi kuma ta tashi ba a shirya ba. Na yi ta farko, ta karye a wurin sanyaya. Ta biyu ta yi kauri. Babban yatsana ya fashe, na naɗe da tsumma na ci gaba. Baba yakan ce ƙarfe ba ya ƙarya, maƙeri ne ke yi wa kansa.

Shugaban mafarauta ya raka ni wurin hukuma, don kar in yi aikin da za a zo a ƙwace. Sun ce izinin Yaya na nan daram, in an gama a kawo su gani. Jami'in ya tambaya, "Ba shi ne wanda...?" Shugaban ya ce, "Shi ne." Bai ƙara tambaya ba.

Na biya ta gidan. Matar Yaya ta amsa gaisuwata kamar baƙo.

Asabar, da rana tsaka

Ya tsage.

Na kai bututun bayan gari wajen tsohon gini, na ɗaure shi a kututture, na ɓuya bayan bango na ja da doguwar igiya, yadda Baba ke gwadawa kafin ya ba kowa. Ƙarar ba irin wadda na sani ba ce. Da hayaƙi ya lafa na je na duba. Ya buɗe ta gefe kamar ɓawon gyaɗa, daidai inda mutum zai ɗora hannun hagu.

Na zauna a ƙasa na daɗe ina kallonsa. Abubuwa da yawa sun zo mini a rai game da ranar nan. Ba ni da tabbacin ko ɗaya, kuma ba zan tambaye shi ba.

Na tona rami na binne ƙarfen. Ban gaya wa kowa ba sai Kafinta. Ya ce, "Wataƙila ishara ce." Na ce ishara ce in nemi ƙarfe mai kyau, tsohon ya gaji da zaman akwati.

Litinin, da yamma

Na shiga birni na samo sabon ƙarfe wurin masu injin. Na zaɓa na zaɓa har mai shagon ya ce ko mata nake nema.

A kan hanyar dawowa na tsaya wurin Inna. Ashe ta ji komai, gidan nan ba a ɓoye mata ko tari. Tana jan carbi, ba ta ɗago ba.

"An ce kana ƙira."

"Ina yi, Inna."

"Matar yayanka ta zo ta yi mini kuka in hana ka."

Na zauna ina jiran hukunci.

"Na ce mata ban iya ba. In na hana ka, ya ci gaba da narkewa a katifar nan, ni na yi. In na bar ka, wani abu ya faru, ni na yi. Na tsufa da ɗaukar wannan kaya." Ta ja carbi. "Tun yana rarrafe ban taɓa rufe ƙofa ta tsare shi ba. Wannan na kwancen, wallahi ban san shi ba."

Na tashi zan fita ta ce, "Auta. In za ka yi, ka yi mai kyau."

Laraba, da asuba

Zazzaɓi ya rufe Yaya. Wurin da aka yanke ya kumbura yana wari. Mun koma asibiti.

Juma'a, da yamma

Likitoci sun ƙara yankewa sama.

Asabar, bayan Azahar

Ban je maƙera ba. Ina baranda a asibiti tare da matar Yaya, benci ɗaya. Can ta miƙo mini ruwa. Na sha na mayar mata.

Gwiwar hannun da na auna komai a kanta, babu ita. Kwarin da na sassaƙa a ƙota ba shi da abin da zai zauna a kai.

Litinin, da safe

Na ɗauki ƙotar zan jefa a wuta. Na riƙe ta a kan garwashi har gefen ya fara baƙi. Sai na tuna maɗacin gadon Kafinta ne, na janye.

Na sa ya sake ɗaure ni, wannan karon hannun gaba ɗaya a bayana. Bai yi wasa ko ɗaya ba.

Mun wuni muna gwadawa. Maratayi na fata da zai zagayo ta wuya da kafaɗa ya ɗauke rabin nauyin. Sanda mai baki biyu, doguwa, a yi tafiya da ita kamar sandar dogarawa, in an ga nama a kafa ta a ƙasa a ɗora bakin bindigar. Ɗuri kuma a zaune, a matse ta tsakanin gwiwoyi. Albarushi a auna shi tun daga gida a ƙananan gorori, a cire murfi da haƙori. Na yi, ya zube. Na yi, ya zube. Wajen La'asar na yi bai zube ba.

Yana ɗaukar lokaci, kafin ka gama zabuwa ta kai wani gari. Amma yana yiwuwa.

Alhamis, bayan La'asar

An sallamo shi. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Da muka kwantar da shi kowa ya fita, ya ce, "Kai, tsaya." Rabon da ya kira ni tun kafin ranar nan.

"An ce kana yi mini abin wasa."

"Bindiga ce, Yaya."

"Wa ya aike ka?"

"Ba kowa."

Ya tashi zaune da ƙyar, ya fizge mayafin daga kafaɗarsa. "Dube shi. Kullum in ka shigo sai ka dubi rufi, ka dubi ƙasa, ka dubi kare. Dube shi! Dungu ne. Faɗi."

Na duba. Na ce, "Dungu ne."

"To mai dungu me zai yi da bindiga? Ya kori kaji? So kake yara su bi ni suna tafi?"

Na ce ni dai na kusa gamawa, in ya ga dama ya karɓa, in bai ga dama ba in rataye ta a maƙera.

Ya ce in fita. Ya ƙara da wata kalma da tun muna yara bai faɗa mini ba. Na fito, matarsa na tsaye a bakin ƙofa hannu a baki. Ta ce a hankali, "Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka..." Ba ta ƙarasa ba.

Tunda ya faɗi kalmar, ni ma yanzu zan iya rubuta ta. Dungu.

Asabar, da hantsi

Sabon bututu ya ci gwaji. Na ɗura masa fiye da abin da zai taɓa ɗauka, na maimaita har na gaji da tafiya tsakanin bango da kututture. Ko gezau. Na shafa shi yana da ɗumi, na yi hamdala.

Da zan koma na roƙi matar Yaya abu ɗaya: ta bar ni in ajiye ƙotar a ɗakinsa. Itace ne zalla, ba ƙarfe ko ɗaya a jiki. Ta juya ta a hannu, ta leƙa ramin da bututu zai kwanta, ta shinshina ma. Ta ce, "Ajiye. In ya rotsa maka kai da ita ba ruwana."

Na jingina ta a bango kusa da katifa. Ya yi kamar yana barci.

Lahadi, da yamma

Tana inda na bar ta.

Litinin, da yamma

Tana inda na bar ta. Amma gindin ne a sama yanzu.

Talata, bayan Azahar

Matar Yaya ce ta kawo mini ita maƙera da kanta, naɗe a zani. Tun da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa taka maƙera ba. Ta buɗe ta nuna mini. An ja layi da gawayi a gindin ƙotar, wani kuma a inda kunci ke kwanciya, an yi ɗan gicciye a wuyan.

"Ya ce me?"

"Bai ce komai ba. Gawayi kawai ya ce in miƙo masa daga murhu. Na ce na mene ne, ya ce na ci ne."

Na sa ƙotar a kafaɗa. Gaskiyarsa, ta yi tsawo, ni na auna da jikina na manta ya fi ni gajeren wuya. Na ɗauki gizago nan take. Ta zauna a kan buhun gawayi tana kallo, zaninta duk ya yi baƙi ba ta kula ba.

Can ta ce, "Ina jin tsoro har yanzu, Auta."

Na ce ni ma.

"To me ya sa ba ka fasa ba?"

Na ce tsoron ne bai kai na barinsa a kwance ba.

Alhamis, da safe

Ƙota ta je ta dawo da sabon zane. Na rage. Ta je ta dawo. Na rage. Kafinta ya ce in aka ci gaba haka tsinken sakace za mu ba shi.

Ya ci abinci jiya, har ya ce gishiri ya yi yawa.

Asabar, bayan La'asar

Ina haɗa kunama na ji inuwa ta tare mini haske. Na ɗago. Yaya ne, da karensa, ya yafa babbar riga. Daga gida zuwa nan ba nisa, amma yana haki kamar ya hau dutse. Ban yi masa sannu ba don na san halinsa. Na tura masa kujera da ƙafa.

Ya zauna ya dubi akwatin Baba ya daɗe. Sannan ya miƙo hannu. Na ba shi. Ya ja kunamar a kusa da kunnensa yana saurare, ya sake ja.

"Tana ciza. Ka ƙara goge nan. Ba da wannan ba, da ƙaramin. Haka Baba ya koya maka riƙon magagari?"

Na goge. Ya ce ya yi yawa. Na ce shi ya ce in goge. Ya ce ai bai ce in cinye ba.

Na nuna masa maratayin da sandar. Ya taɓe baki ya ce sandar tsofaffi. Amma ya kafa ta, ya ɗora, ya kwantar da kunci, ya auna tukunyar ruwa da ke bakin ƙofa. Bakin bindigar na rawa. Ya sauke ya huta, ya sake. Na juya na kama zuga wutar da ba ta bukatar zuga.

Laraba, da yamma

An gama. Na shafe ƙotar da mai har ta yi ja tana sheƙi, tabon wutar nan na gefe bai fita ba, na bar shi. Hukuma sun gani sun amince. Tsawonta bai wuce daga ƙasa zuwa ƙuguna ba.

Kullum da yamma yana zuwa ya koyi ɗuri da yashi maimakon albarushi. Yana zagin gorori, yana zagin sanda, yana zagina. Jiya murfi ya kusa cire masa haƙori. Albarushin gaske yana wurin matarsa a kulle, haka muka yi da ita, shi ma ya sani. Bai taɓa tambaya ba.

Yau ya tambaya. Muna tsakar gida, Inna na nan. Ya ce jibi zai shiga daji.

Na ce to, zan shirya.

"Ni kaɗai."

Matarsa ta ajiye tsintsiya.

Ya dube ta kai tsaye. "Na san abin da kika kwashe daga ɗakin nan. Ban ce kin yi laifi ba. Amma in sai da mai gadi zan shiga daji, ku mayar da ita maƙera ku rataye."

Ta shige ɗaki.

Alhamis, da rana

Na kasa aiki. Na share maƙera, na jera awartaki, na sake sharewa. Ni na ƙera ta. Duk abin da ya biyo baya, hannuna ne.

Ba zan je in ɗauke ta ba.

Juma'a, da hantsi

Bari in rubuta tun yana sabo.

Bayan Asuba na je gidan. Ya shirya, ya rataya ta, sanda a hannu. Matarsa ta fito da gororin albarushi a tafin hannunta. Ita da kanta ta zuba masa su a aljihun dama, ɗaya bayan ɗaya, ta gyara masa maratayin a wuya. Ta ce, "Ina dafa ruwan figa. Kar ka sa in yi asarar itace." Muryarta ba ta yi rawa ba, ban san yadda ta yi ba.

Ya yarda mu raka shi iyakar gonakin bayan gari. Daga nan ya shiga, kare na gaba, har ciyawa ta rufe su.

Muka tsaya ƙarƙashin wata bishiya ni da ita. Rana ta fito. Manoma suna wucewa suna gaishe mu, suna mamakin abin da muke jira. Ta tsinke ganye tana yayyagawa, in ya ƙare ta tsinko wani.

Sai muka ji. Tau! Guda ɗaya, can ciki.

Tsuntsaye suka tashi. Daga nan shiru. Na kasa kunne in ji haushin kare, don in an yi harbi ya kan yi haushi ya ruga ɗauko nama. Ban ji ba. Ta dafa bishiyar, ta sulale ta zauna a ƙasa, leɓɓanta na motsi ba sauti. Na ce mata ƙila nisa ne ya hana mu jin karen. Ba ta ji ni ba. Ni ma ban yarda da abin da na faɗa ba.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Na dai san na cire takalma na fara gudu cikin kunyoyi, ina faɗuwa ina tashi, ina kiran Yaya da muryar da ban san ina da ita ba. Na kai bakin ciyawa ke nan.

Tau!

Na tsaya cak. Bindigar nan ba ta tashi sau biyu sai an zauna an sake ɗura ta. Wani ya zauna a ƙasa, ya matse ta da gwiwoyi, ya cire murfi da haƙori, ya danna, ya miƙe, ya sake aunawa.

Na juya. Tana tsaye can ƙarƙashin bishiya ta ɗora hannu biyu a ka. Ita ma ta lissafa.

Sai da rana ta yi zafi ya fito, jiƙe da gumi, gefen bakinsa baƙi da albarushi, ƙaya duk ta kama masa wando. Ba ko gashin zabuwa a hannunsa. Ya dube ni, ya dubi ƙafafuna ba takalmi, ya dubi matarsa da idanunta suka kumbura. Na ga ya fahimta. Ya kau da kai ya tofar da yawu.

"Wane mahaukaci ne yake ta ihu ya kore mini garke guda?"

Na ce ban ji kowa ba.

Ya ciro bindigar daga wuya ya dangwara mini a ƙirji. "Tana jan dama. Ka gyara kafin Litinin."

Matarsa ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Ruwan figar fa?"

Ya ce, "Ki zuba masa ganyen shayi. Yunwa nake ji."